Mai Neman Caji a Hanyar Iware

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Hayatu ya ja ƙofar shagonsa a unguwar Sintali ta Jalingo ya danna kwaɗo. Caja yake sayarwa, da igiyoyin caji, da pawa banki manya da ƙanana. Mutumin kirki ne, ba a raba shi da wannan, sai dai bakinsa ba ya hutawa. Ka shigo sayen igiya ɗaya, sai ya tsare ka da lacca har ƙafarka ta yi sanyi.

"Cajar yanzu ba ta ɗura wuta haka kawai, oga," in ji shi ga duk wanda ya kama. "Kana sa igiya, sai su gaisa tukuna. Caja ta yi talla: ina da bolt biyar, ina da tara, ina da sha biyar, ina da ashirin. Waya ta ce a ba ta tara. Kwamfuta ta ce a ba ta ashirin. Shi ya sa caja ɗaya take yi wa kowa. Abin da ba ta faɗa ba, babu mai tambayarta. Abin da ta faɗa kuwa, in an zaɓa, dole ta bayar."

Shi ma haka yake. Duk abin da ya mallaka yana kan leɓensa. Mahaifiyarsa, Dada, ta yi faɗa har ta gaji, domin Bafulatani ba ya kiran sunan 'yarsa ta fari. Hayatu kuwa ba kira kaɗai ba, da manyan baƙaƙe ya rubuta Fadila a allon shago. In Dada ta yi magana sai ya yi dariya ya ce zamani ya canza.

Fadilar ce ta sa ya rufe shago da wuri. Yarinyar tana hutu a Iware wajen Dada, uwarta ta tafi Yola biki. Ƙaiƙayin shinkafar da ake casa ya tayar mata da asma. Cajin ɗan injin da ke mayar mata da magani tururi ya ƙare, unguwar kuma babu wuta tun da taransifoma ta ƙone.

"Ka zo da caji, Hayatu," Dada ta ce a waya. "Ƙirjinta yana kuka."

Ya ɗauki pawa banki mafi girma a shagon, cike taf, ya ɗora a kujerar gaba ta tsohuwar motarsa. Ya sa igiya mai kyau a aljihu saboda injin yarinyar. Ya ce zai yi sallar magariba in ya isa.

Gari ya ƙare a bayansa. Gonaki suka fara. An ƙone ciyawar shinkafa a fadama, hayaƙi ya kwanta a kan titi yana wari. Manyan motoci sun wuce tun da rana, hanya ta zama tasa shi kaɗai. Daga wani ƙauye can nesa kiran salla ya taso, iska ta yanke shi a tsakiya.

Daidai wata ƙaramar gada ya gan ta. Tsohuwa ce, a tsaye a tsakiyar titi, ta lulluɓa da baƙin zane har ƙasa. Ya taka birki, taya ta yi ƙara.

Ta zo jikin gilashi. Bai ji takunta ba.

"Ɗana," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Taimaka min da caji."

A Jalingo ba a hana mutum caji, kamar yadda ba a hana shi ruwan sha. Balle mai sayar da caja, ga kuma pawa banki da zai cika waya goma bai ji a jikinsa ba.

"Sauri nake, Inna. Shigo, ki yi a hanya. Iware za ni."

"Can za ni."

Ta zauna a baya. Motar ba ta ko motsa ba da nauyinta. Wani wari ya shigo tare da ita, irin na tsohuwar rijiya da aka daɗe ba a buɗe ba. Hayatu ya laluba aljihun mota ya zaro wata igiya mai arha, ya soka a pawa banki, ya miƙa mata ɗaya bakin. Mai kyaun ya bar ta a aljihunsa. Ɗan kasuwa ɗan kasuwa ne. Hannunta ya fito daga zanen, ya karɓa, ya koma. Bai ga wayar ba.

Ɗan gilashin pawa banki ya haska. Bolt biyar.

Ya ja mota.

"Me kake da shi, ɗana?" ta tambaya.

To, an taɓo Hayatu inda yake so. Hankalinsa a tashe yake, kuma shi in hankalinsa ya tashi surutu ne maganinsa. Ya fara. Yana da shago a Sintali. Yana da motar nan, ko da ta tsufa. Yana da fili a Kachalla Sembe, bai gina ba tukuna.

"Sai me?"

"Sai mata, sai uwa. Sai 'yata ɗaya tilo."

"Sunanta?"

"Fadila." Ya faɗa da daɗin baki, yadda ya saba. "Wajenta za ni. Numfashinta ne yake ba mu wahala."



Ya saci kallon gilashin pawa banki. Bolt tara. Ya ce a ransa wayar tsohuwa ta zamani ce ashe.

Bolt sha biyar.

Ya ɗaga ƙafa daga totur. Me tsohuwa take riƙe da shi a ƙarƙashin zane da zai nemi sha biyar?

Bolt ashirin. Wat ɗari.

 Wannan ya fi ƙarfin saninsa. Igiyar da za ta ɗauki wat ɗari sai tana da ɗan guntun ƙwaƙwalwa a bakinta, wanda ke shaida wa caja cewa za ta iya. Igiyar da ya ba ta ba ta da shi. Shi ya sayo ta, ya san abin da ke cikinta. Amma ga lamba tana kallonsa.

Cajin ya fara zuba kamar ruwa a tulu mai huda. Saura kashi casa'in. Tamanin da ɗaya. Saba'in.

"Inna, ya isa. Na yarinya ne. Cire."



Ya ɗaga ido ya duba madubi. Kujerar baya babu kowa. Igiyar kawai, a miƙe cikin iska, ba ta jingina da komai ba.

Ya juya da kansa. Tana nan zaune.

Fitilun mota suka yi ja, suka dushe. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Motar ta gangara gefen titi ta tsaya cikin ciyawa. Kwaɗin fadama da ke ta kuka suka yi tsit lokaci ɗaya. Babu haske sai na ɗan gilashin nan.

Hamsin da biyu.

Wayarsa ta yi ƙara a cinyarsa. Dada ce. Ya ɗauka.

"Hayatu! Kana ina? Leɓenta ya yi baƙi. Numfashi yana tafiya, kamar ana jan shi!"

A bayan muryar Dada ya jiyo ƙirjin 'yarsa. Siririn fito, fiii, fiii, mai yankewa a ƙarshe. Ya san sautin nan ko a cikin barci.

Sai ya ji shi a bayan wuyansa.

Fiii. Fiii.

Daga kujerar baya yake fitowa. A waya yana raguwa. A mota yana ƙaruwa.

"Na zaɓa," tsohuwar ta raɗa.

Ya damƙi igiyar ya fizga. Zafi kamar ƙarfen maƙera. Fatar tafinsa ta yi ƙauri. Igiyar ko gezau. Ya ɗauko Ayatul Kursiyyu, harshensa ya yi nauyi, ya ci gaba da ita a zuci.

"Sake ta," ya ce. "Don Allah."

"Ban ƙwata ba. Kai ka faɗa."

Gaskiya ce, kuma gaskiyar ta fi ƙunar hannunsa ciwo. Babu wanda ya matsa masa. Shi ya jera kayansa ɗaya bayan ɗaya, ya sa 'yarsa a ciki, da sunanta, har da inda take da rauni. Tsoro ya kama shi, nadama ta fi tsoron.

Talatin da ɗaya.

"Fadila! Buɗe ido!" Dada tana ihu a waya.

Idonsa ya sauka a kan pawa banki. Baki biyu gare shi. Ɗaya a cike, ɗaya a buɗe. Sau nawa kwastoma ya dawo da fushi, wai in ya sa waya ta biyu sai ta farko ta ɗauke? Sau nawa ya yi bayani? Ba lalacewa ba ce. In na biyu ya shigo, sai caja ta yanke, ta janye tallar farko, ta sake sabuwa. Kowa ya sake zaɓa daga abin da aka faɗa yanzu.

Ya zaro igiya mai kyau daga aljihu.  Ya soka a wayarsa. Ya nemi bakin pawa banki, ya kuskure. Ya sake nema.

Ta shiga.

Ƙit.

Gilashi ya mutu. Duhu.

Fiton da ke bayansa ya tsaya. A waya, can ƙasa, wani ɗan tari.

Kujerar baya ta yi ƙara. Warin rijiya ya matso. Wani sanyi ya taɓa kunnensa.

"Me kake da shi?"

Hawaye suka zubo masa. Bai taɓa tsammanin bakinsa zai iya furta abin da ya furta ba.

"Ba ni da kowa."

"'Ya fa?"

"Ba ni da 'ya."

"Sai me?"

Ya san dole ya faɗi wani abu. Ta zo karɓar numfashi, ba za ta tafi hannu wofi ba.

"Ƙirjina. Shi kaɗai."

Gilashi ya haska. Biyar. Tara. Sha biyar. Ashirin.

Kamar an zura hannu ta maƙogwaronsa aka kama huhunsa. Iska ta fita. Ba ta dawo ba. Ya buɗe baki kamar kifin da aka jefa kan yashi. Ya daki sitiyari. Idanunsa suka fara ganin taurari.

Caji saura kashi sha tara.

Ƙaurin roba ya cika motar.

Sha huɗu.

Igiya mai arha ta yi ja a tsakiya. Ta fara ɗiga.

Tas!

Ta tsinke.

Wani abu ya yi ƙara a bayansa, ba irin ta mutum ba, ba irin ta dabba ba. Ƙofar baya ta buɗe da kanta. Ciyawa ta kwanta a miƙe har cikin fadama, kamar ana jan buhu a kanta.

Kwaɗi suka dawo da kukansu.

Hayatu ya murɗa makulli. Motar ta tashi. Bai tsaya rufe ƙofar ba, haka ya ja ta tana lilo har Iware. Da rarrafe ya shiga gidan Dada, pawa banki a ƙirjinsa, ɗan abin da ya rage yana ƙyaftawa. Ya soka igiya mai kyau a injin yarinyar. Suka gaisa. Injin ya nemi bolt biyar kacal, aka ba shi. Tururi ya tashi. Fadila ta shaƙa, ta sake shaƙa, leɓenta ya dawo ja.

Ta buɗe ido ta ce, "Baba."

Ya buɗe baki zai kira ta. Ya rufe.

Yarinyar ta warke. Shi ne bai warke ba. An ɗauki hoton ƙirjinsa a asibiti, likita ya ce huhunsa lafiya lau. Amma Hayatu mai lacca, yanzu kalma uku yake yi sai ya tsaya ya nemi iska. In kwastoma ya tambayi yadda caja ke aiki, sai ya nuna masa kwali. A tafin hannunsa akwai tabo siriri, daga wannan gefe zuwa wancan.

Ya sa an shafe allon shago da fenti. Dada ta ji daɗi, tana gaya wa mata cewa ɗanta ya yi hankali, ya koyi kunya irin ta iyayensa. Bai gyara mata zancen ba.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, wani lokaci da magariba, pawa bankunan da ke jere a shagon sukan haska gaba ɗaya, ba a soka musu komai ba. Bolt biyar. Su tsaya a haka, suna jira.

Wata rana da yamma yarinyar tana shagon, tana wasa da kwalaye, sai ta ɗago kai.

"Baba, ka daina sona ne? Ba ka kiran sunana."

Zuciyarsa ta karye. Sunan ya taso har bakinsa. A bayanta, gilasan suka haska ɗaya bayan ɗaya.

Ya jawo ta ya rungume, ya danna fuskarta a ƙirjinsa mai kuka, ya cije leɓe. Bai kira sunan ba har gilasan suka mutu.