Mahaɗar da Ta Ƙi Kamawa

Auta tana kwance a doguwar kujerar falo, hannunta dafe da robar da ke fita ta gefen cikinta, sai ta ji sallamar mahaifinta. Ba dubiya ce ta kawo shi ba. Ya zo ne ya roƙi mijinta, wani kafinta marar yawan magana, ya sauwaƙe mata.

Tun da aka yanke mata ruɓaɓɓen hanji aka haɗe sauran, mahaɗar ta ƙi kamawa. Ƙazanta tana tsiyaya cikin cikinta, zazzaɓi ya ƙi sauka. Likita ya ce jikinta ba zai ɗauki wani yankan ba, sai dai a zura siririyar roba mai kyamara ta ƙasa, a damƙe ramin da ke mahaɗar da ɗan ƙarfe. Aka damƙe, ya kwance. Aka koma cusa soso mai zuƙe ruwan, ana canzawa duk bayan 'yan kwanaki. Amaryar da ko shekara ba ta rufa ba ta koma ƙashi da fata.

"Kai yaro ne, ɗana," in ji tsohon. "Shagonka a rufe, mahaifiyarka ta daina shigowa gidan nan saboda wari. Mu muka haife ta, mu wahalarta ta kama."

Kafinta ya sunkuyar da kai. Auta ce ta yi magana, hawaye na gangara cikin kunnenta. Ta ce ya bi maganar Baba, ita ma ta gaji da ganinsa durƙushe yana wanke ta, yana ɓoye fuska don kada ta ga amai na taso masa.

Sai a lokacin ya ɗago. "Baba, in kun ɗauke ta ba zan hana ba. Amma saki ba zai fito daga bakina ba."

Suka ɗauke ta ɗin. Kullum da safe kafinta yana ƙofar gidan iyayenta, ranar asibiti shi ke ciccibarta zuwa mota. Mahaifiyarsa ta daina amsa gaisuwarsa, yayyensa suka ce an shanye shi, mai shago ya ba wani hayar wurin. Auta kuwa ta daina tambayar likita komai. In an shigar da ita ɗakin na'ura, bango take juya wa fuska, tana roƙon Allah ya ɗauke ta yaron nan ya huta.

Watanni suka shuɗe a haka. Wata rana da ta farfaɗo daga allurar barci, likita ya nuna musu hoton: sabon nama ya cike ramin, yoyon ya tsaya. Amma ya ƙara da cewa wurin ya tsuke, sai an fitar mata da hanji ta gefen ciki, wataƙila da jakar tara bayan gida za ta ƙare rayuwarta.

Ba ta yi murna ba, ba ta da ƙarfin yi. Kafinta ne ya fita baranda ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Da ya dawo ya tsuguna gaban surukinsa ya ce a ba shi matarsa.

Ta koma ɗakinta. Surukarta ba ta zo ba, har yau ba ta zo ba. Haƙuri bai mayar musu da abin da ciwo ya cinye ba, amma ya bar musu juna, kuma mai ƙaunarka na gaskiya shi ne wanda aka buɗe wa ƙofar tafiya ya ƙi fita.