Akwatin Yaya Hudu

Gadon da Salifou ya saya a kasuwar Guillotière ta birnin Lyon a Faransa ya shekara biyu da ledarsa. Shi a tabarma yake kwana, ya ce ba zai hau shi ba sai matarsa Raliatou ta zo. Ran Asabar ɗin nan a bakin gadon ya zauna da takardu biyu, kuma kowace ta fi 'yar uwarta ɗaci.

Ta farko daga biron baƙi na Lyon take, wato ofishin kula da shigar baƙi: sau biyu an aika wa matarsa sammacin gwajin likita a Maradi ba ta je ba, don haka an rufe dosiye, wato takardun neman kawo ta. Ta biyu daga Raliatou, layi huɗu kacal. Babanta ya ce in Babbar Sallah ta wuce ba labari, zai nemi a sauwaƙe mata. Ta ƙare da cewa, “Ko takarda ɗaya ban gani ba, Salifou. In ka fasa, ka faɗa mini.”

Ya fasa? Mutumin da warin masana'antar Saint-Fons ya cinye wa ƙirji don ya samu ɗaki biyun da doka ta ce sai da su ake kawo iyali! Ya kife kai ya yi kuka mai isarsa.

Washegari ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris, wurin Gwaggo Sahadatou, ƙanwar mahaifinsa, mai fataucin atamfa a La Courneuve, wadda ba ta jima da dawowa daga gida ba. Bayan doguwar gaisuwa ta tambaye shi adireshin da ya sa wa yarinyar. Ya ce ai gidajensu ba lamba, kowa akwatin gidan waya yake ara, shi kuwa na yayansa Hudu ya rubuta. Ina zai tsallake babban wansa ya sa na surukai? Da wane ido?



“Na ga ambulan biyu masu hatimi cikin kwallar Innarka, ƙarƙashin zannuwa,” in ji Gwaggo. “Hudu ke kai mata.”

Gwaggo ta ce ba ƙiyayya ba ce. Raliatou ke dafa wa tsohuwar, ita ke matsa mata ƙafa, kuma Inna ta ƙudurta cewa ranar da matar ta tafi, ɗan ma ya tafi ke nan har abada.

Gwaggo ta sa shi ya karɓo sabuwar takardar cikewa. Ya rubuta cikakken sunan Raliatou, ta hannun yayarta Safi malamar asibiti, lambar akwatin Safi, Maradi, sannan République du Niger da manyan baƙaƙe. Gani yake ya ci amanar wadda ta haife shi. Bai ɓoye wa Inna ba. Ya aika mata kaset, babu zargi ko ɗaya a ciki, sai alkawarin zuwa duk shekara. Wani kaset ɗin ya tafi wurin surukinsa, yana roƙon a ƙara masa lokaci.

Inna ba ta amsa ba. Sallah ta wuce, wata ma ta wuce, gado na nan da ledarsa.

Sai cikin sanyin 1986 Raliatou ta sauka, ta rame, ba ta ko iya dariya sosai. Haƙurinsu ya biya, amma shekarun da kunyar layin adireshi ɗaya ta ci ba mai mayar musu. Girmama na gaba wajibi ne, sai dai takardar mace a rubuta ta inda za ta isa hannunta.

Da ta kwance kaya, ta miƙa masa ambulan biyu, ko buɗe su ba a yi ba.

“Inna ta ce in ba ka. Ta ce ba ta iya karatu ba, amma ta san abin da ke ciki. Ta ce ka yafe mata, kuma Sallah tana jiranka.”