Lambar Da Na'ura Ta Toshe

Da yatsa a ƙone ya shigo kemis ɗin mahaifinta, yana hura masa iska kamar yaron da ya taɓa tukunya. Auta ce a bayan kantar shagon. Ta miƙa masa filasta tana danne dariya.

"Girki kake koyo?"

"Waya nake haɗawa," ya ce. "Ƙarfen dalma ne ya gaishe ni."

Akawu ne a kamfanin sufuri, amma unguwa kaf Injiniya ake ce masa, rabi yabo rabi tsokana. Ya ajiye wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin gadonsa, ya mai da ita uwar wayoyin gidansu, kira na shiga ta intanet. Ya kuma gina mata rumbun bayanai, inda kowace lamba da kowane saƙo ke da gurbinsu. Ba wanda ya sa shi, ba mai biyansa. Son abin kawai yake yi.

Kafin ƙunar ta warke, Auta ta kamu da sonsa. Kullum da safe sai saƙonsa ya shigo:

"Hasken idona, yau na koya wa na'ura gane lambarki. Ni kam zuciyata ta riga ta."

Ita kuma ta mayar: "Injiniyana, ka ci abinci dai, ko wayoyi ka karya da su?"

Baba kuwa bai ga abin burgewa ba. Ya taɓa kiran Injiniya su gana, shi kuma ya shagala da gyaran rumbunsa har lokaci ya wuce.

"Wanda wasan yara ya mantar da shi alkawari, ta yaya zai riƙe gida?" in ji Baba. Ga kuma ɗan amininsa, mai shagon tayoyi, yana ta sintiri da gaisuwa kamar an aiko shi.

Wata Asabar da rana Baba ya ajiye gilashinsa a kan kantar shagon. "Auta, ba zan yi miki dole ba. Amma ki gaya masa ya same ni kafin in rufe shagon nan yau. In bai zo ba, na cire bakina daga maganarsa har abada."

Auta ta jawo wayarta. Ta san Baba ba ya magana biyu.

Ta kira, ba a ɗauka ba. Ta sake, ta kuma sakewa, tana kai da komo tsakanin kanta da ƙofa. Can sai wata murya mai sanyi ta ce, "An toshe wannan lambar."

Ta dubi wayar. Ita aka toshe? Ta rubuta masa saƙo: "In ka gaji da ni ka faɗa mini da bakinka. Baba na jiranka yau, yau ɗin nan." Shiru. Wata mata ta zo sayen maganin tari, Auta ta miƙa mata auduga.

Da ta ga rana ta karkata, ta fizgi mayafinta ta fice, sai gidansu Injiniya. Mahaifiyarsa ce ta buɗe mata, ta dubi fuskarta sau ɗaya, ta raka ta har ƙofar ɗakinsa. Yana zaune a ƙasa cikin igiyoyin waya, fuskarsa fal murna.

"Auta! Zo ki ga abin mamaki. Masu tallan nan sun ishe mu, sai na cusa layina a na'ura, na kafa doka: duk lambar da ta yi ta kira a jere, a toshe ta. Tun ɗazu ba wanda ya dame ni!"

"Ba wanda ya dame ka," ta maimaita, hawaye na zubo mata.

Murmushinsa ya gushe. Ya duba allon kwamfutar. Ga lambarta cikin waɗanda aka toshe, ga saƙonta ba a buɗe ba. Ya karanta, ya ɗora hannu a kai.

"Na shiga uku! Kira ya shigo ina ƙarƙashin gado, na ce bari in ga ko dokar za ta yi aiki."

"Ta yi," in ji mahaifiyarsa. "Tashi ka ruga, shashasha!"

Sun tarar Baba ya ja ƙofar shago rabi, kwaɗo a hannunsa. Injiniya ya durƙusa yana haki, ya faɗi yadda aka yi tiryan-tiryan, bai kare kansa ba.

Baba ya dube shi, sannan ya dubi 'yarsa. "Tun da yarinyar nan ta fara tsaron shago ba ta taɓa barinsa babu izini ba. Yau ta fita da takalma ba iri ɗaya ba. Amsar da nake nema na gan ta." Ya juya ga Injiniya. "Amma ka ji da kyau. Mai sonka ce ke kiranka a jere. Uwarta tun muna ango da amarya take yi mini haka, ban taɓa toshe ta ba."

"Wallahi Baba, na goge dokar tun kafin in fito."

"To, turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure, Baba ya riƙe hannun ango ya ƙi saki. "Ga amanata nan. Duk lokacin da ta kira ka, ka amsa. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Auta tana daga ciki ba ta ji ba, sai ƙawayenta suka kawo mata labari. Ta rufe fuska ta yi kukan daɗi, tana amsawa da amin.