Guzurin Kwaɗi

Da yamma lis Takawa ta saɓi hauya ta nufi busasshen tabkin da ke bayan garin Babankatami. Bazara ce, rumbu ya ƙare, 'yarta Fiddausiya kuwa ta rame sai idanu.

Tun damina kwaɗo ke tara kitse a hantarsa. Ruwa na janyewa sai ya nutse cikin laka ya yi barci, yana cin kitsen kaɗan-kaɗan har hadari ya dawo. Kakannin Takawa, tun kafin su kama salla, sun hana a tono na wannan tabkin, wai kiwon masu wurin ne. To amma uwar da ke jin haƙarƙarin 'yarta na sukar bayanta, ina ruwanta da hanin matattu?

Ta haƙa. Warin danshi ya taso. Ta tono guda tara, sanyi ƙalau, ko motsi ba sa yi. Ta farke su nan take, tana zuba hanta da rawayan kitse cikin ƙwarya.

Sai tsuntsaye suka yi tsit.

Lakar da take takawa ta soma numfashi.

"Ɗiyata," wata murya ta ce can ƙasa-ƙasa, "guzurin wa kinka ɗauka?"

Wata tsohuwa ce tsugune a bakin ramin, jikinta duk busasshiyar laka. Maƙogwaronta na kumbura yana lotsawa. Ba ta ƙiftawa.

"Inna, ki gafarce ni. Ɗiyata na mutuwa."

"Je ki ba ta. Amma wanda yac ci guzurinsu, shi ka yin barcinsu."

Wani abu mai sanyi ya damƙe wa Takawa ƙafa. Ta fizge da kyar, ta bar hauya da takalmi, ta zura da gudu rungume da ƙwarya.

Ta so ta zubar. Amma da safe yarinyar ko kuka ta kasa, sai Takawa ta soya kitsen ta dama mata cikin kunu.

Kwana uku kumatu suka ciko. Ran na huɗu Fiddausiya ta kwanta ba ta tashi ba. Jikinta sanyi, numfashi jefi-jefi. A asibiti aka gwada ta, aka ce ba a ga ciwo ba.

Tana nan tana barci, kumatun na zubewa a hankali. Kullum Takawa na ƙofar ɗaki ta ɗaga kai tana duban gabas, tsoro ya hana ta ko kuka. Saura wata uku ruwa ya sauka, kuma ta sani sarai kitsen kwaɗo tara ba zai kai ɗan mutum can ba.