Hannun Daman Gwamna Stroud

Ku bar karanta abin da aka rubuta a kan kabarin Gwamna Virgil Stroud, rabinsa ƙarya ne. Ni na yi yaƙin basasa a ƙarƙashinsa yana kanar. Ina gani ya ƙetare kogi, ya sa aka banka wa gadar wuta, sojojinsa na baya suna ihu. Na tsira da iyo. Abokina Eben bai iya ruwa ba.

Yaƙi ya ƙare, gonar audugarsa ta zama toka, amma yana son kujera. Sai ya nufi bukkar Goggo Odessa, tsohuwar bokanya da ke bakin fadama. Ni na tuƙa masa kwalekwale, kuma ban faɗa masa ko ita wace ce ba.

Kwalabe shuɗɗa na rataye a bishiyar ƙofarta. A ciki baƙin kyandir na ci gaban kwanyar kada, ga akushi cike da jar ƙasa.

"Goggo, mulki nake so da dukiya. Faɗi kuɗinki."

"Riƙe zinarinka, Kanar. Ƙasar kabari ce wannan. Ka tusa hannun damanka, duk baƙon da ka gaisa da shi zai bi ka kamar rago."

"Shi ke nan?"

"Hannun zai ci abincinsa. Ba ka tambayi kabarin waye ba?"

Ya yi dariya. "Matacce ai matacce ne."

Ya tusa hannun a ƙasar har wuyan hannu.

Aka zaɓe shi ɗan majalisar tarayya, daga nan ya zama gwamna. Filaye da hannun jarin jirgin ƙasa suka yi ta zubo masa. Ranar rantsuwa matarsa ce ta riƙe masa Littafi Mai Tsarki, da aka gama ya damƙe yatsunta don murna. Ba ta ga ƙarshen watan ba. Ya shafa kan ɗansa wajen jana'iza, yaron ya haukace, ya faɗa rijiya. Saura 'yarsa Clementine kaɗai. Ya sa safar hannu, ko kusa da shi ta zo sai ya daka mata tsawa, ita kuwa ba ta san dalili ba.

Ya koma fadama wajen Goggo Odessa, ni na sake tuƙa shi.

"Goggo, ki kwance abin nan. Yarinyar ba ta yi wa kowa laifi ba."

"Eben ɗina ya yi wa wani laifi ne? Ƙasar kabarinsa ce a hannunka. Je ka."

Wallahi daɗi na ji.

Da ya isa gida ya ɗora hannun kan kututture, ya sa mai faskare ya sare shi. Ya suma, yana ganin ya yi nasara. Amma mu a nan ba ma jefar da gaɓar mutum, binne ta muke yi a makabartar gida da addu'a. Clementine ta ce babu baran da zai taɓa hannun babanta. Ita ta wanke shi, ta naɗe a mayafinta, ta rungume shi a ƙirji har bakin rami.

Da ya farfaɗo, ita ya fara tambaya. Aka faɗa masa ta riga ta mutu.

Yarinyar kam na yi mata kuka. Shi kuwa ya tsufa shi kaɗai a wannan katafaren gida, yana kiran sunanta ɗaki ɗaki, ban taɓa tausaya masa ba. Kai mai kwaɗayin kujera, in har za ka taka gawar ɗan wani ka hau, ka sani yana da uwa, kuma ba ta mantuwa.