Kyandir Mai Tsayin Hamon

"Ni Osbert Thurkell, shekara talatin ina hawan teku, ban taɓa barin mutumina a baya ba! Ko gawa ce, sai na san inda na sa ta!"

Ya daki teburi har romon kifi ya fantsama. Matarsa Ismay ta ce, "Maigida, romon ne ya musa maka?"

'Yarsu Avice ba ta yi dariya ba. Babanta babban falken ulu ne, sarki ya ba shi takardar izinin kame jiragen Faransawa, gobe kuma za a sake rantsar da shi magajin gari. Shekara uku da suka wuce, Hamon matuƙin jirginsa ya nemi aurenta. Osbert ya ce, "Ɗan mai ƙera ganga? To, bari mu dawo tukuna." Ya dawo da gangunan ruwan inabi arba'in, babu Hamon. Wai kibiya ta same shi, ya cika a hannunsa, shi da kansa ya naɗe shi ya sa a ruwa. Tun daga ranar, ma'aikatan jirgin in sun hango Avice sai su canja hanya.

"Baba, me ya ce a ƙarshe?"

"Cewa ya yi ki yi aure!"

"Bara ka ce cewa ya yi a gaida uwarsa."

"To mai mutuwa ba ya magana biyu ne? Ke, kin ishe ni! Manema shida kin kora, kina jiran kifi ya amayo miki miji!"

Ta tashi hawaye na zuba. Ismay ta bi ta, ta dafa kafaɗarta. "'Yata, ki haƙura mana."

"Inna, haƙurin nake yi. Zuciyata ce ta ƙi binne shi."

Washegari coci ya cika maƙil don rantsarwar. A garin, duk wanda ya tsira daga halaka a teku, yakan auna tsayinsa da zare, a yi masa kyandir da zaren, ya kawo ba takalmi, ya faɗi abin da ya tsira daga gare shi kafin a kunna. Ko magajin gari ba ya katse shi.

Osbert ya ɗaga hannu zai yi rantsuwa ke nan, sai ga wani ramamme ya shigo rungume da dogon kyandir, yana ɗingishi, yatsu biyu babu a hannunsa na dama. Avice ta miƙe, ta ƙwala kira.

"Hamon!"

Bai waiwayo ba sai da ya durƙusa gaban fada, limamin cocin. "Na tsira daga haƙar gishiri, shekara uku da mari a ƙafa. Muna kwashe gangunan jirgin da muka kama, sai ga Faransawa tafe. Ina cikin jirgin da muka kama ina kira, maigidana ya dube ni ido da ido, ya datse igiyar da ta haɗa jiragen, ya bar ni a hannunsu." Ya duba cikin jama'a. "Ina innata?"

Avice ce ta ƙaraso, ta riƙe guntun hannun nan. "Ta rasu bara, Hamon. Ni na rufe mata ido."

Ya kifa kai a kafaɗarta, suka yi kukan da ya sa har ƙartin jirgin sharar hawaye. Fada ya sa musu albarka nan take. Wanda ya riƙe amanar so, ko ya daɗe yana kuka ba ya tashi a banza; wanda kuwa ya sayar da mutum don ganga, ranarsa na nan tafe.

Osbert fa? Hannunsa na nan a sama, ya manta bai sauke ba.

"Jama'a, kama ce! Ni na sa shi a ruwa!"

Ismay ta ce, a gaban kowa, "Sauke hannun, maigida. Wanda ka binne yana kallonka."