Saura Izu Takwas

Huraira na tsugune a gindin rijiya tana wanke allonta, Inna ta fito daga ɗaki ɗauke da wani allo sabo fil, an yi masa zayyana da ja da kore.

"Ga shi, na karɓo daga wajen mai zayyana. Ranar ɗaurin aurenki za a yi walimar saukarki."

Huraira ta miƙe a razane. "Sauka kuma, Inna? Ai saura mini izu takwas!"

"Wa zai ƙirga? Fatiha da farkon Baƙara ne kawai a jiki. Ki karanta, a shafa, a ci tuwo a watse. Ke kika fara?"

Gaskiya ba ita ta fara ba. Amarya nawa aka yi wa haka a Gyaɗi-Gyaɗi, karatu bai kai ba amma an yanka rago? Abin da ya tayar da hankalin Inna shi ne Iyatu, mahaifiyar Isyaku, saurayin Huraira. Matar nan ta bi Tarauni gida-gida tana cika baki, wai ɗanta akawun kamfanin gyaɗa ba zai auri kowa ba sai wadda ta sauke. Ta kuma aiko: in ba sauka, ba biki.

Huraira ta fashe da kuka. "Inna, shekara tara ina zuwa gaban Malam, ba don rago ba. In na yi wa mutane ƙarya, Shi wanda nake yi dominSa fa?"

"To ki zauna, allon ya aure ki!"

Da la'asar Isyaku ya jingine kekensa a ƙofar zaure, duk ya yi zuru-zuru.

"Haba Huraira, minti biyar ne fa! Na riga na ɗauki hutu a ofis, an sa rana. Ko ba kya sona ne?"

Tana sonsa kam, har ba ta iya haɗa ido da shi. Ta sunkuyar da kai. "Ina sonka, Allah ya sani. Amma a ce gidanmu da ƙarya aka buɗe shi? Wata huɗu nake roƙo. In ba za a jira ba, na haƙura."

Ya daɗe yana murza hularsa a hannu, sannan ya ce, "Zan jira. Iya ce dai ban san yadda zan yi da ita ba."

Aka fasa ranar. Iyatu ta aiko aka kwashe kayan sa rana, 'yan mata suka samu abin yi a bakin rijiya. Huraira ta rame, ta yi kukanta a ɓoye, amma ko sau ɗaya ba ta makara zuwa gaban Malam ba. Ta haye Ali Imrana, ta shiga Baƙara, tana wankewa tana rubutawa har yatsunta suka rine da tawada.

Ranar da ta kai aya ta ƙarshe, sai ga sallamar Iyatu. Inna ta shimfiɗa mata tabarma. Baƙuwar ta ce a kira mata yarinyar, ta ɗauki Alƙur'ani ta buɗe mata tsakiyar Baƙara da kanta, ta ce, "Karanta." Huraira ta karanta tiryan-tiryan. Can sai aka ga tsohuwa na share hawaye da gefen mayafi.

"Ni inda na buɗe ma ban san ko ina ne ba," in ji Iyatu. "Irin saukar da kika ƙi, ita aka yi mini. Shekara talatin ana kirana mai sauka, alhali ko izu biyar ban cika ba. Kullum gabana faɗuwa yake kada a ce in ja baƙi."

Aka ɗaura aure bayan sallar layya, aka yi walimar gaske. Wanda ya nemi ilmi don mutane, tsoron mutane zai kashe shi, wanda kuwa ya nema don Allah, Allah ba ya barin sa ya taɓe.

Kwana bakwai da tarewa, Huraira na shara sai surukarta ta leƙo da wani tsohon allo a ƙarƙashin mayafi, ta ce a hankali, "Malama, daga ina za mu tashi?"